Yayana ya sa sunan Mama a kamfanin asibiti

Anti Lorene, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Yayana Wendell ɗan majalisar jiharmu ne. Shi ya kawo ƙudirin dokar nan kan asibitocin sauya jinsi. A coci yana cewa dokar za ta taka musu birki, ana ta tafa masa. Amma sharuɗɗan da ya sa, ƙananan asibitoci ba za su iya cikawa ba. Kamfani ɗaya ne zai tsira, marasa lafiya duk su koma wurinsa.

Mahaifiyarmu tana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta ci ƙarfinta, wani lokaci sunan ƙanwarta take kirana da shi. Ran Lahadi na kai mata kek ɗin tuffa, na tarar da wani mutum cikin kwat ya kawo furanni. Ya gaishe ni, ya ce ai dole su kula da Mama, tana cikin manyan masu hannun jarinsu. Ya ambaci kamfanin nan. Matar da ba ta iya riƙe cokali!

Na tambayi Wendell. Bai musa ba. Dariya ya yi, ya ce ƙanwata, ke dai ci gaba da gasa kek ɗinki. Daga baya ya ce in tuna wa ke biyan kuɗin ɗakin Mama, kuma ni ce mai sa hannu a madadinta. Gaskiya ne, bara ya kawo takardu na sa hannu ban karanta ba.

Yanzu wata 'yar jarida tana ta kirana. Mako mai zuwa za a jefa ƙuri'a kan dokar. Wendell ne ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. In tona shi?

Mai Fargaba

'Yar'uwa, ajiye ra'ayinki kan asibitocin nan a gefe. Ko dokar mai kyau ce ko mummuna, wanda zai ci ribarta bai kamata ya rubuta ta a ɓoye ba.

Ban raina alherin yayanki ba, kuma tsoronki kan ɗakin Mama ba shirme ba ne. Amma ki lura: maganar da ya yi miki gargaɗi ce. Ranar da asiri ya tonu, hannunki za a gani, ba nasa ba.

Kada ki amsa wa 'yar jaridar tukuna. Gobe ki nemi lauya naki na kanki, wanda bai taɓa cin abinci da Wendell ba, ku duba abin da kika sa wa hannu da yadda za a tsare wa Mama wurinta. Sannan ki ba yayanki dama ɗaya: ya bayyana jarin, ya janye daga ƙuri'ar. In ya ƙi, kwamitin ɗa'a na majalisa yana nan.

Kada ki sake sa hannu a komai, kada kuma ki gana da shi ke kaɗai. Allah ya tsare ki, ya ba Mama sauƙi.

Anti Lorene