Dillalin madarar awaki da ke zuwa ranar Talata

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Yau Talata. Na tashi da kumburin ƙafa, tari kuma bai sake ni ba tun makon jiya. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da zan gaya maka na kasa gaya wa 'yata.

Shekarata saba'in da takwas. Aikin gidan waya na yi har na yi ritaya. Matata ta rasu bara waccan. 'Yata ɗaya ce, tana aure nesa, takan kira ni duk ƙarshen mako, gaisuwa ce kawai da tambayar magani.

Wata uku ke nan da wani dillalin hannun jari, ƙanin maƙwabcina, ya shigo mini da takardun wani kamfani mai sarrafa madarar awaki da cuku, domin mutanen da cikinsu ba ya karɓar madarar shanu. Ni ma irinsu ne. Ya kawo kwalba guda na sha, cikina bai yi gardama ba. So yake in zuba kuɗin sallamata, wanda na ajiye saboda magani da kuma ranar da za a fitar da ni.

Tun zuwansa na biyu na san ba ni da zuciyar saye. Amma mutumin nan yana zama. Yakan ja kujerar marigayiya, ya sha shayi, ya saurari labarin yadda muke tantance wasiƙu kafin jirgin safe ya iso. Sai na koma ƙirƙiro tambayoyi. Awaki nawa gare su? In an ɗauke wuta, me ke riƙe sanyin madarar? Wa ke duba lafiyar dabbobin? Ya tafi ya nemo amsa, ya dawo wata Talatar. Makon jiya tambayoyina suka ƙare. Ya bar mini takarda da biro a kan tebur, ya ce yau zai karɓa.

In na sa hannu, na taɓa kuɗin magani. In na ƙi, ban san wanda zai sake ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Tun hantsi na sa riga mai tsabta, shayi sau biyu na ɗumama. Ga la'asar ta wuce, bai zo ba.

Tsohon ma'aikacin gidan waya

Amsa:

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sa hannu. Daɗin madara daban, ƙarfin kamfani daban. Hannun jari yana hawa yana sauka, kuɗin magani kuwa ranar da aka neme shi dole a same shi cif. In akwai rarar da ɓatanta ba zai hana ka barci ba, sai wanda ba shi da kamasho a ciki ya fara karanta maka rahoton kamfanin.

Ka kuma sani, ko ka saya, zuwan zai ragu, domin cinikin ya ƙare. Ban ce dillalin mugu ba ne. Abincinsa yake nema, kuma wata uku yana yi maka zirga-zirga, yana da haƙƙin jin gaskiya. Ka kira shi, ka ce ba za ka saya ba, amma ka ji daɗin zamansa. In ya dawo bayan haka, ka yi aboki.

Wannan wasiƙar taka kuma ka karanta wa 'yarka ita yadda take. Tana tambayar magani ne saboda shi kaɗai ka nuna mata yana damunka. Ka nemi inda 'yan fanshon gidan waya ke haɗuwa, akwai masu irin labarinka da su ma ba su da mai saurare. Kumburin ƙafar nan kuma likita ya gan shi cikin makon nan.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya haɗa ka da abokan zama na gari.