Akwatin da Mas Darmaji Bai Ƙarasa Ba

Zuwa ga Bu Ratmi,

Don girman Allah ki ara mini hankalinki, nawa ya ƙi aiki. Sati uku ke nan ina jujjuya magana ɗaya, na rasa wanda zan gaya wa a gidan nan ba tare da an ɗaga murya ba. Ki yi haƙuri in na yi ta zagaye, haka matata Lasmi take fama da ni.

Ni masassaƙi ne a nan garin Jepara na ƙasar Indonesiya, shekarata hamsin da shida. Tun ina ɗan sha huɗu nake shan taba mai kanumfari, kamar yadda na taso na ga mahaifina yana yi. Kara talatin a rana ba komai ba ne a wurina. Wanda ya raba ni da ita shi ne Mas Darmaji, mai gurza ƙarfe a bayan kasuwar kifi, Allah ya jiƙansa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya shigo shagona da wani bututun tagulla yana busa tururi mai ƙamshin ayaba. Na yi masa dariya har da riƙe ciki, na ce tsofai-tsofai da shi ya koma tsotson alewa. Ya ajiye abin a kan teburina ya ce in sassaƙa masa gida na katako, tunda bakina ya fi hannuna aiki. Daga nan fa na faɗa ciki tsundum.

A lokacin ba a sayar da sigarin lantarki a kowane lungu kamar yanzu. In kana son mai kyau, sai dai ka ƙera abinka. Mu huɗu ne. Mas Darmaji yana gurza tankin da ake zuba ruwan ƙamshi mai zama tururi a ciki. Koh Bing mai gyaran agogo yana naɗa kwayil, wato siririyar wayar da ke ɗumama ruwan, da gilashinsa manne a ido ɗaya. Ni ina sassaƙa akwatin da batir ke zama a ciki. Na huɗunmu Kuncoro direban motar kifi, shi kam ba abin da ya iya sai ɗanɗanawa da surutu. Kowace Lahadi bayan azahar muna kan wani dogon bencin katakon jati a ƙofar shagon Mas Darmaji, matarsa Mbak Warsini tana aiko mana da kofi mai kauri da soyayyen rogo. Akwatina na farko ya fito ƙato ba fasali, Koh Bing ya juya shi ya ce makara na yi wa batir, sunan da ya bi ni shekara biyu ke nan, Mai Makara. Wallahi Bu Ratmi, ban taɓa jin daɗin wasu ranaku kamar waɗannan ba. Ban ma san ranar da na daina neman taba ba.

Muna da wata doka, ga inda ta samo asali. Wata rana Mas Darmaji ya haɗa wa Kuncoro sabo, ya ba shi da zafinsa. Bayan kwana biyu yana tsakiyar kasuwa abin ya ɗau zafi a aljihunsa. Mutumin nan ya tuɓe wando a gaban mata masu kifi ya faɗa cikin bahon ƙanƙara yana ihu. Mun yi wata guda muna yi masa tsiya, har yau in ya shiga kasuwar matan na tambayarsa ko ya zo wanka. Amma cinyarsa ta ƙone sosai, tabon yana nan. Mas Darmaji shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauki alli ya rubuta a bangon shago cewa duk wanda ya haɗa, sai abin ya yi kwana bakwai a aljihunsa da bakinsa kafin ya miƙa wa wani. Mun ƙera sun fi ɗari bayan haka, ba mu taɓa karya wannan doka ba ko sau ɗaya.

Sai abubuwa suka watse a hankali. Shaguna suka cika da na roba masu launi, a sha a yar. Hannun Koh Bing ya fara rawa, ’yarsa ta ɗauke shi zuwa Semarang. Ni kuma bara zuciyata ta buga ina tsakiyar aiki, aka yi mini aiki a jijiya. Likita ya ce ba hayaƙi, ba tururi, ba ko ɗaya. A kan gadon asibiti na riƙe hannun Lasmi na rantse mata, yau wata goma sha huɗu ban saɓa ba. Sai dai na daina zuwa zaman Lahadi, don ba na iya jure ƙamshin. Kuncoro ya koma wa taba mai kanumfari, kwali biyu a rana, tarinsa tun daga bakin titi ake jinsa. Wata huɗu da suka wuce Mas Darmaji ya rasu. Sau uku kacal na je duba shi a shekararsa ta ƙarshe, wannan yana cina.

Sati uku da suka wuce Mbak Warsini ta zo shagona da gwangwanin biskit. A ciki akwai tankin tagulla gamamme, sai sheƙi yake yi. Akwai kuma guntun jati da aka yanko daga bencinmu. Na gane shi nan take, don ga tabon da ni na yi da ƙarfen narka dalma ranar da Kuncoro ya ba ni dariya. An fara fafe cikinsa, aiki a karkace, abin tausayi, don marigayin bai iya katako ba. Ta ce ya ƙi kawo mini ne don kada ya jawo ni ga abin da likita ya hana. A kan ’yar takarda ya rubuta sunan Kuncoro. Burinsa ya janye shi daga taba kamar yadda ya janye ni. Ta ce saura ni kaɗai mai iya ƙarasawa, ta share ido ta tafi.

To kin ji. In na ƙarasa, sai ya kwana bakwai a bakina, na ci amanar Lasmi da zuciyata. In na miƙa ba gwaji, na karya dokar marigayi, kuma a kan mutumin da aka kafa dokar dominsa. In na mayar da gwangwanin, da wane ido zan kalli Mbak Warsini? Lasmi tana tsammanin ƙafar kujera nake gyarawa. Wani lokaci nakan ce ai kwana bakwai ne kawai, me zai yi wa mutum? Shekaranjiya na bi ta wani shago na sayi audugar lagwani da wayar kwayil da ’yar kwalbar ruwa mai ƙamshin ayaba, don dai in ga ko har yanzu ana yin irinsa. Suna ƙarƙashin kujerar babur ɗina. Amma ban yanke shawarar komai ba tukuna.

Ki gaya mini abin yi, ko da zai yi ɗaci.

Naki,
Mai Makara, Jepara

Pak Mai Makara,

Allah ya jiƙan Mas Darmaji, ya ba ku haƙurin rashinsa. Na yi dariya a wurin bahon ƙanƙara, na kuma yi shiru a wurin guntun benci. Kun yi abota mai kyau, ba laifi don ka yi kewarta.

Bari in fara da abin da ka ɓoye a ƙarshen wasiƙa. Wanda bai yanke shawara ba ba ya sayen auduga da waya da kwalba. Ka riga ka yanke, neman wanda zai sa maka hannu kake yi, ni kuwa ba zan sa ba. Kwana bakwai ba wasa ba ne ga mutumin da ya yi shekara talatin yana taba, goma yana tururi, aka kuma buɗe masa jijiya. Ka fi ni sanin cewa akwai rana ta takwas.

Ban raina ɗaya ɓangaren ba. Burin mamaci abu ne mai nauyi, hawayen Mbak Warsini gaskiya ne, tarin Kuncoro ma gaskiya ne. Kuma na yarda da kai, kada ka miƙa wa kowa abin da ke ɗauke da batir ba a gwada ba. Amma ka tuna me ya sa aka rubuta dokar nan a bango. Marigayi ya ga abokinsa ya ƙone ta hannunsa, ya ce ba za a sake ba. Mutumin da ya zauna yana fama da katako, aikin da bai iya ba, don kawai kada ƙamshin ya kai hancinka, shi ne zai so ka zuƙa kwana bakwai da sunansa? Ya riga ya ba ka amsa da wannan aikin nasa na karkace.

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka ɗaga kujerar babur, ka miƙa wa Lasmi kwalbar, ka nuna mata gwangwanin, ka gaya mata komai. Za ta yi faɗa, tana da hakki, ka saurara. Wanda ya rantse a kan gadon asibiti ba ya gyaran ƙafar kujerar ƙarya.

Sannan ka ƙarasa katakon, wannan aikinka ne, ba wanda ya hana. Ka daidaita cikinsa, ka goge, ka shafa mai, amma ka bar tabon dalmar yadda yake. Ka ɗora tankin a kai, ba batir, ba waya. Ka je ka yi wa Mbak Warsini bayani, ita ce ta gaya maka dalilin da ya hana mijinta zuwa wurinka, ba za ta kasa fahimta ba. In Kuncoro ya ga lallai sai abin ya yi aiki, ya kai wa masu sana’ar su haɗa su gwada da na’urarsu. Ni ba likita ba ce, ba zan ce maka tururi magani ne ba. Mai tarin da ake ji daga bakin titi asibiti ya kamata ya fara zuwa, kai za ka raka shi, tunda ka san hanya.

Abu na ƙarshe. Ka ce ba ka san ranar da ka daina neman taba ba. Ni na sani, ranar Lahadi ce, hannunka na kan aiki, mutum uku na yi maka tsiya. Kuncoro bai koma wa taba don rashin akwati ba, ya koma ne lokacin da benci ya zama ba kowa. Don haka kada ka ƙarasa akwatin kai kaɗai a ɓoye. Ka kira Kuncoro wannan Lahadin bayan azahar, ku kira Koh Bing a waya ya yi muku gyara daga Semarang, Lasmi ta dafa kofi. Ka damƙa wa Kuncoro samfefa, ka ce shekara goma sha ɗaya yana ci da baki, yau sai ya goge da hannunsa. Kada ku yi sauri. In aikin ya ci Lahadi goma, ya fi.

Sau uku ka duba Mas Darmaji, ba za ka iya ƙara ta huɗu ba. Kuncoro kuwa yana nan da ransa, kuma sunansa ne a takardar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da Lasmi shekaru masu yawa. Ka gaida mutumin bahon ƙanƙara.

Bu Ratmi