Littafin da Babansu Bai Ƙarasa Ba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki, ta bar ki kina barci?

An sallamo Baban yara daga asibiti ranar Talata. A wayar maƙwabta ban iya yi miki bayani ba, saboda yara na tsaye a kaina. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Wannan zan iya ɗauka, Yaya. Abin da ke ci mini rai bakinsa ne. Yana ji, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Mutumin da kike cewa ya fi rediyo surutu.

Akwai abin da ban taɓa ba ki labari ba. Bara, a maɗaba'ar da yake ɗaurin littattafai, ya tsinci wani tsohon littafin Turanci da bangonsa ya cire, na labaran mutanen Girka na zamanin da. Ya ɗinke shi da hannunsa, ya yi masa bango da ragowar shuɗin yadin da nake ɗinka wa 'yan makaranta riguna. Tun daga nan, kullum bayan magariba sai ya zauna a bakin gado, 'yarmu takwararki a dama, Auta a kan cinya. Ya duba layi biyu a zuci, ya juya musu da Hausa, yana canza murya. Tun farko ya gaya musu tatsuniya ce kawai, kuma gumakan da ke cikin labaran ba su da aiki sai faɗa da gulma, shi kansa shugabansu tsoron matarsa yake ji. In ya faɗi haka sai ya saci kallona, yara su yi ta dariya. Ni ina kan keken ɗinki kamar ba na ji, alhali har tsayar da ƙafa nake yi don kar wani wuri ya wuce ni.

Ranar da zai faɗi, a jajibirinta, sun tsaya a tsakiyar wani labari. Wani ɗan sarki ne ya shiga wani gini mai lunguna dubu, inda dodo mai kan bijimi yake, yana warware zare a bayansa don ya gane hanyar fita. Nan Babansu ya rufe littafi ya ce sai gobe. Yanzu Auta ya kwashe mini farin zare, ya ɗaura a ƙafar gado, ya bi da shi har bakin ƙofa. Kullum sai ya ɗora wa uban littafin a ƙirji ya ce, "Baba, ya fito?"

Na ga abin da kika ce, in turo miki yaran su yi karatu a wurinki. Na gode, Allah ya bar zumunci, amma a'a. Ganinsu ne maganinsa. Masu gashin ƙashi na asibiti sun ce wata uku na farko su ne abin dubawa, kuma na sa rai.

Ki gaida maigidan da kyau.

Taki har kullum,
Ƙanwarki

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wasiƙar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Saƙon sabulu da man zafi ya iso, Allah ya saka da alheri.

Wata uku sun cika, har an ɗora. Ƙafar ta ɗan saki, yana iya zama a kujera in an jingina shi da filo. Maganar dai tana nan inda kika san ta.

Na yi wata dabara da na ɗauka alheri ce, ta zame mini abin nadama. Ni kin san Turancina bai wuce na karanta awo da rasit ba. Sai na ce takwararki ta riƙa karanta musu, tunda tana aji huɗu. Ta zauna inda yake zama, ta buɗe, ta fara harhaɗa kalmomi da yatsa. Sunayen mutanen nan ko babba sai ya yi tuntuɓe a kansu. Duk inda ta yi kuskure sai uban ya buga hannun hagu a katifa, ya yi ta ƙoƙarin faɗin daidai, jijiyar wuyansa ta miƙe, yawu na zuba. Ita ta ɗauka faɗa yake yi mata. A rana ta uku ta ajiye littafin ta fita da gudu, shi kuma na juyo na ga hawaye na bin kunnensa. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Ban san ta ci gaba da karantawa a ɓoye ba. Ashe tana sa shi a jakar makaranta, ta ari ƙamus wurin malamarsu, tana bi kalma-kalma lokacin hutun tara. Ranar Alhamis ina guga ta zo ta tsaya a bayana. Can ta ce, "Mama, ya kashe dodon, ya fito." Na ce to ai sai murna, je ki gaya wa ƙaninki. Ta ce a'a. Wai da zai tafi ya yi wa babansa alkawari, in ya dawo da rai zai ɗaga farin ƙyalle a jirgin ruwansa. Murna ta sa ya manta. Uban yana kan dutse yana jira, ya hango baƙin ƙyalle, ya ɗauka ɗansa ya mutu, ya faɗa teku. Ta ce, "Me ya sa Baba zai karanta mana irin wannan?"

Yaya, me zan ce mata? Na ce ƙila da ya zo wurin zai canza, kin san halinsa. Ta ce Baba ba ya canza labari. Gaskiyarta ne.

Tun ranar ba ta shiga ɗakin sai na aike ta. Ta ajiye kofi, ta ce sannu Baba, idonta a ƙasa, ta fice. Shi kuma ya bi ta da ido har labule ya daina motsi. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗaga mata hannu, abin da ban saba ba. Yarinyar da ke cinye kwanonta ta leƙa na ƙaninta, yanzu sai na tsaya a kanta.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida yara.

Ƙanwarki mai kewarki

Yaya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta maigida. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na fara rubutawa sau biyu ina yagawa.

Mun koma asibiti makon jiya. Likitan mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba. Ya ce bayan wata takwas ba a cika samun wani canji ba, mu koyi zama da shi a haka. A gabansa ya faɗa, ya manta kunnensa lafiya lau yake. Da muka dawo sai ga abokin aikinsa da kwali: allurarsa ta ɗinkin littafi, wuƙar yankan takarda, da kofin shayinsa. An ɗauki wani a gurbinsa.

Auta ya daina tambaya. Da magariba ta yi sai ya zame gidan maƙwabta kallon talabijin. Da farko ina hana shi, yanzu na bari, don zaman ɗakin nan ba na yaro ba ne. Jiya na ji yana gaya wa ɗan maƙwabta wai babansa ba ya magana tun asali. Shekararsa biyar, Yaya. Wata takwas a wurinsa rabin duniya ne.

Ni ce na koma zama a bakin gadon. Nakan buɗe littafin in dubi hoto in ƙirƙiro labari. Akwai wata mace mai macizai a ka, na ce kitso ne ya ɓaci ta rasa mai gyara mata. Ranar farko ya yi wani abu kamar dariya, ya girgiza kai, ya nuna mini da yatsa wai ba haka ba ne. Na ji daɗi har cikin raina, na yi ta shirme da gangan don ya yi ta musa mini. Mun yi kusan wata ɗaya a haka. Amma tun dawowarmu daga asibiti ko me na ce ba ya girgiza kai. Yana kallon silin. Shekaranjiya na buɗe, ya sa hannun hagu ya rufe a hankali, ya juya fuska bango.

Saboda haka na karɓi tayinki. In an yi hutu ki zo ki tafi da su duka biyun. Ɗinki da jinya sun cinye ni, ba na ganin yaran sai da tsawa a bakina, kuma takwararki na ƙarewa ina kallo. Na gaya masa. Ya daɗe idonsa a rufe, sannan ya gyaɗa kai. Ban sani ba ko yarda ce ko gajiya.

Auta ba ya son a kashe fitila kafin barci ya ɗauke shi. Ita kuma kada ki matsa mata da tambaya, in ta ga dama za ta yi magana.

Sai roƙo ɗaya, kada ki yi mini dariya. Wayata ta lalace tun yana asibiti, duk abin da ke ciki ya tafi. Yau da safe ina wanke masa fuska na yi ƙoƙarin tuna yadda muryarsa take in ya kira ni daga tsakar gida, na kasa. Na san abin da yake cewa, amma sautin ya ɓace mini. Ki ce wa maigidanki ya duba wayarsa, sun saba aika wa juna saƙon murya. In ya samu ko ɗaya ne, ko na gaisuwa ne kawai, kada ya goge. Ki zo mini da shi.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ni ce,
Ƙanwarki