Takobin Alhaji da Murɗin Bahaguwa

Goggo Sinab, ki taimake ni da shawara kafin ranar kai kayan auren ɗana, don wallahi abin ya tsaya min a wuya, ya ƙi haɗiyuwa ya ƙi tofuwa.

Maigidana Alhaji zannuwan malong yake sayarwa a birnin Marawi, amma zuciyarsa tana wurin tsofaffin takubba. Bangon falonmu ya cika da takubban da ake kira kiris da kampilan, har hoton aurenmu an sauke an rataya wani takobin a gurbinsa. Lemun tsamin da nake saya don girki shi yake kwashewa ya goge su, wai don zanen ƙarfen ya fito. Ban taɓa ƙorafi ba. To, na yi, amma ba sosai ba.

Bayan ƙaramar Sallah ya shigo da wani kiris naɗe a tawul, yana takawa a hankali kamar wanda ya ɗauko jariri. Dillali ne ya kawo masa, ya ce daga tsibiran Sulu ya fito, na wani jarumi ne tun zamanin yaƙi da Sifaniyawa. An naɗe ƙotarsa da murɗaɗɗiyar wayar azurfa, ta yi baƙi ƙirin. Alhaji ya sa tabarau ya nuna min cewa murɗin wayar hagu ya yi maimakon dama, wai wannan ce shaidar maƙeran da, na yanzu ba su iya ba.

Goggo, ni na murɗa wayar nan. Ni 'yar garin Tugaya ce, a maƙerar babana na tashi, kuma bahaguwa ce ni. Ina budurwa yayana mai naɗa wa ƙota waya ya kwanta zazzaɓi, Baba ya miƙo min waya, na murɗa ta yadda hannuna ya ga dama. Ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya sayar da takobin a matsayin sabo, babu ƙarya babu zamba. Ɗan ƙullin da na yi inda wayar ta tsinke yana nan a gindin ƙotar. Wanda ya binne shi a taɓo ya mayar da shi kakan kakanni, shi da Allah.

Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yadda fuskar bawan Allah take haske, na ce Allah ya sa albarka. Na ɗauka zai rataye shi a wuce wurin. Ashe ya ƙudurta shi zai miƙa wa mahaifin Norhata, yarinyar da ɗanmu Jalani zai aura, a gaban dattawan gida biyu. Har salsala ya tsara wa takobin, kullum sai ya zaunar da ni ya gwada jawabin, ni kuma ina gyaɗa kai.

Babana zai halarci taron. Kunnensa ya yi nauyi, don haka raɗarsa ma ana ji daga bakin titi, amma idonsa ras. Ba ya ganin takobi bai juya ƙotar ba, kuma har yau labarin murɗin hagu ne abin tsokanata a wurinsa. Kin san mutanenmu da mutunci. In aka yi wa Alhaji dariya a taron nan, ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba, dangin yarinyar kuma za su ce mun raina su. Na yi tunanin ɓoye takobin a buhun shinkafa, na yi tunanin ba Baba ranar da ba ita ba. Ina son mijin nan nawa, Goggo, tsoro nake ji.

Bahaguwar Tugaya

'Yata Bahaguwa,

Fitar da buhun shinkafa daga ranki. In takobin ya ɓace, Alhaji zai zargi kowa a gidan har kyanwa. Babanki kuma ba a hana kaka zuwa auren jikansa saboda waya.

Shirun da kika yi ranar farko tausayi ne, ban ga laifinki ba. Shi ma Alhaji bai yi ƙarya ba, ƙarya aka sayar masa, kuma babu mai tara takubba daga Marawi har Jolo da dillali bai taɓa yi wa wayo ba, sai dai wanda bai gano ba tukuna. Amma yanzu maganar ta bar bangon falo, za ta shiga gidan surukai. Gara ya ji daga bakinki a ɗaki da ya ji daga bakin Baba a gaban jama'a.

Ki dafa masa kazar kwakwa da yajin palapa mai yawa, ki bari ya ƙoshi. Ki ɗauko takobin, ki faɗa masa inda ƙullin yake kafin ya duba, don kada a yi gardama. Kada ki yi dariya. In ta matsa miki, ki riƙe ta sai kin je gidan ƙanwarki. Zai yi fushi, wataƙila ya ƙaurace wa abincinki, ki ƙyale shi, yunwa za ta yi miki sulhu. Da ya huce ku tafi Tugaya tare, Baba ya yi raɗarsa a maƙera inda babu baƙo.

Sannan ki tuna masa abin da ke hannunsa. Jarumin Sulu babu wanda ya san sunansa. Wannan kuwa kakan ango ne ya ƙera, uwar ango ta naɗa masa azurfa tana budurwa, ya yi yawonsa a duniya, uban ango ya gan shi cikin tarin takubba ya ce shi yake so. Wace salsala ce ta fi wannan daɗin faɗa a gaban surukai? Kuma ki ba shi gaskiyarsa guda ɗaya: murɗin nan na yanzu ba su iya ba.

In takobin ya tafi gidan su Norhata, ƙusa za ta rage a bango. Ki yi maza ki mayar da hoton aurenku kafin dillali ya dawo. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya ba Jalani da Norhata zaman lafiya, ya ba ki jika ko da bahago ne.

Goggo Sinab