Kunamar Bindiga da Sallar Alhaji Garba

Zuwa ga Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kabarinka na nan da haske, na zo in yi maka albishir: ka yi gaggawar tafiya, ba ka ga ci-gaba ba. A ƙasar nan an ƙera bindigar da kunamarta ba ta son wahalar da yatsa. Ka shafa ta kawai, kamar gilashin waya, ta yi magana. Mai shagon da na je a Virginia yana yabonta har yana lumshe ido. Ni da na tashi a kasuwa, na san lumshe idon mai kaya.

Ka san abin da ya kai ni? Bareyin unguwarmu, Largo. Sun mayar da yakuwar da matata Hajiya ta shuka a bayan gida tamkar gadon ubansu. Yayanta, Alhaji Garba, injiniyan nan na Alexandria, ya ce in yanki lasisi mu riƙa zuwa farauta gonar abokin aikinsa, in huce a kan danginsu.

Aljihuna na mai araha ne, irin wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Aka ajiye mini biyu. Ta farko ita ce 'yar lelen. Ta biyun kunamarta sai ka ja ta tafi, ta tsaya ta cije, sai ka ƙara matsawa. Mai shago ya ce wannan ce matsalarta. Ina jan ta na ji ƙamshin albarushin ɗakinka.

Na tuna ranar da maƙeri ya ce ka kawo adakarka ya goge mata kunama ta yi laushi. Ka ce masa, "Bar ta haka. Inda take cijewa, nan nake yin bisimilla." Na ɗauka rowar ladan maƙeri ce. Mai cijewar na saya, Alhaji ya yi ta dariya har gida, wai na sayo famfon rijiyar ƙauye.

A kakar farautar farko muka shiga daji, sanyi ya kashe mini yatsu cikin safar hannu. Dokarsu ita ce kowa ya ɗora riga mai ruwan lemo don a hango shi. Muka rabu, kowa da gefensa. Da rana ta karkata na hango baya mai ruwan ƙasa a cikin ciyayi, ya sunkuya, ba alamar lemo. Na saita. Na ja har inda ta cije, na fara bisimilla yadda ka saba, don naman ya halatta.

Ban kai ƙarshe ba barewar ta ɗago daga ruku'u.

Alhaji ne, Kawu. Azahar ta kama shi, ƙasa da danshi, ya tuɓe rigar lemon ya shimfiɗa ya yi darduma da ita. Na sauke bindiga na zauna dirshan. Ya idar da sallarsa a natse, har da nafila.

Sai a mota na gaya masa, a hanyar komawa gari. Yanzu darduma yake ɗaurawa a bayansa, ni kuma yatsana ba ya kusantar kunama sai na ga kunne da ƙaho.

Ba ka bar mini gona ba, ba ka bar mini shanu ba. Wannan ɗan jinkirin ka bar mini a yatsa, shi ya sa 'ya'yan Alhaji suna da uba, Hajiya kuma tana iya kallon idona. Na gode, Kawuna. Allah Ya jinkirta maka duk abin tsoro, Ya gaggauta maka rahama, Ya haɗa mu a inda ba a farauta don ci.

Ɗanka,
Habu

Af, na manta. Makon jiya Alhaji ya gwada tawa a filin koyon harbi, ya yamutsa fuska, ya ce har yanzu ta yi tauri, in kawo ya kai a sassauta mini ita kyauta. In ba shi?