Ɗakin da Sherifa Ta Hana a Rufe

Morris Heights, Bronx

Zuwa ga Yaya Inusah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida duka a Kumasi. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, maigidana Abdul-Karim yana kan tuƙinsa, ni kuma ina wajen tsohuwar da nake kula da ita.

Labarin 'yarka Sherifa, 'yar da na haifa, ne ya sa na ɗauki biro. Ban taɓa gaya maka ba, shekararta ta farko a jami'a ta faɗi lissafi, har wani mai ba ɗalibai shawara ya ce mata karatun injiniya ya fi ƙarfinta. Sati biyu ba ta shiga aji ba, muna gida ɗaya ban sani ba. Wata malama ce ta kai ta wani ɗaki inda ɗalibai baƙar fata suke haɗuwa, na gaba suna koya wa na baya. Can ta sake darasin, ta ci.

Bana aka ce za a mayar da ɗakin ofis. Sherifa ta bi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya ta rubuta labarinsu, aka ba ta minti uku a gaban shugabannin makarantar. Ranar, daga aiki na wuce wajen taron, ko riga ban canza ba, da na ga masu kwat sai na raɓe a baya. Yaya, sai yarinyar nan ta nuna ni, ta ce musu ga uwarta, wadda ba ta taɓa taka jami'a ba balle ta nuna mata hanya. Ta ce in sun rufe ɗakin, su faɗa mata inda ɗan irin wannan uwa zai je ranar da ya faɗi. Sannan ta juyo ta ce in miƙe su gan ni, da Hausa kuma, ita da kullum da Turanci take amsa mini. Na miƙe tsaye, suka gan ni.

Jiya amsa ta fito: an bar musu ɗakin shekara biyu, sannan a sake dubawa. Sherifa ta ce da sauran aiki. Ni dai tun jiya bakina ya ƙi rufuwa. Watan Mayu za ta gama, in Allah Ya yarda, ka sa ta a addu'a.

Ka gaishe mini da Inna, da matarka Balki, da Kawu Shitu. Ka karanta wa Inna wannan a hankali, ta ji abin da jikarta ta yi.

Taka ƙanwa,
Fusena