Inna Ta Ce “Da Sauƙi,” Likita Ya Rubuta Ta Warke

Anti mai fili,

“Duk wanda jikinsa ya buƙaci a gan shi ido da ido, za mu gan shi.” Haka aka rubuta ɓaro-ɓaro a ƙofar asibitin unguwarmu ranar da suka koma duba marasa lafiya ta waya. Takardar tana nan har yau, rana ta cinye launinta, su kuma sun cinye alkawarin. Ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai sa a kira mini masu gadi.

Mahaifiyata, Inna, tana da ciwon suga. Kwanakin baya ta yi tuntuɓe a banɗaki, babban yatsanta na ƙafa ya fashe, ya ƙi warkewa. Na nemi a gan ta, aka ce likita zai kira. Ya kira kuwa, ina aji ina koyarwa, Inna ita kaɗai a ɗaki. Ya tambaye ta yaya jiki. Anti, ke ma kin san amsar. Matar da aka ce ko tana naƙudata, da aka tambaye ta, da sauƙi ta ce. Mahaifinmu da bakinsa ya ce da sauƙi da safe, kafin yamma mun rasa shi. Wannan ai gaisuwa ce, ba rahoto ba! Amma likita ya rubuta ciwo yana warkewa, ya kashe waya. Inna har albarka ta sa masa, wai yaro mai ladabi.

Na je na tayar da jijiyar wuya, aka ba mu ganawa ta bidiyo. Na bar aiki na zauna. Inna ta yi wanka, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta lulluɓe ƙafar da zani, wai ba za ta miƙa wa ɗan mutane ƙafa a fuska ba. Kafin in gama lallashinta hoton ya daskare, bakin likita a buɗe kamar mai hamma. Da ya dawo na kara wayar a kan yatsan, likita ya ce yana ganin ɗan ja-ja. Ɗan ja-ja! Ƙafar da silifas ya daina shiga. Warin da ke tarye ni tun daga bakin ƙofa fa? Wace waya ce ke ɗaukar wari?

Da na koma asibitin, yarinyar da ke kan tebur ta ce kwamfuta ba ta ba da ranar ganin likita ga wanda aka rubuta yana samun sauƙi. Yayana kuma, da shi ma duba Inna yake ta waya daga wani gari, ya ce in rage zafin kai, ai ta gaya masa da sauƙi.

Na ba su zuwa Litinin. In ba su kira mu ba, zan turo Inna a keken marasa lafiya, in ajiye ta ƙarƙashin takardar nan, in kwance bandejin a gaban layi, kowa ya shaƙi ɗan ja-ja. Ko na yi kuskure?

Ɗiyar Mai Da Sauƙi

’Yar’uwa,

Fushinki yana kan hanya, wa’adinki ne ya yi tsawo. Shi ya sa na tura miki wannan amsa tun kafin ta shiga jarida. Ƙafar mai ciwon suga da ta kumbura har tana wari ba ta jiran Litinin. Ki kai Inna sashen gaggawa na babban asibiti yau. Can ba sa tambayar kwamfuta.

Likitan bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya rubuta. Wayar ma ta hutar da tsofaffi da yawa daga zaman layi, in sabunta magani kawai ake so. Laifinsa shi ne tsayawa a tambayar farko, alhali wanda ya san iyayenmu ya san sai an matsa ciwonsu ke fitowa fili. Laifin asibitin ya fi girma, da suka bar kalma ɗaya ta kulle ƙofa.

Bayan an duba ƙafar, ki kai koke ga shugaban asibitin, ki tuna masa alkawarin da ke ƙofarsa, ki nemi a gyara abin da aka rubuta, a kuma sa lambarki a matsayin wadda za a riƙa kira.

Bandejin kuwa, ki bar shi a ɗaure. Matar da ta ɓoye wa mutum ɗaya ƙafarta a waya, in kika buɗe ta gaban jama’a, ita za ta sha kunyar, ba su ba. Kada kuma ki yi mata faɗa. Ki bar ta ta yi gaisuwarta, ta ce da sauƙi, sannan ta miƙo miki wayar ki faɗi sauran.

Allah ya ba Inna lafiya, ya nuna miki ranar da za ta ce da sauƙi, ki duba ƙafar, ki ga gaskiya ta faɗa.

Antinku